Faransancin Gwaggo da Jar Akuyar Sandamu

Ana sallame sallar asuba muka bar Daura, ni da Baffa da direbansa, a tsohuwar motar nan tasa da sai an lallashe ta take tashi. Masu tambayata a shafin nan ina na shige ranar Asabar, ga amsarku: Matamaye na je, cikin Nijar, kuma ba yawon shan iska ba. Tafinta aka ɗauke ni. Duk shekarun da na yi ina koyar da Faransanci a makarantar 'yan mata, dangi ba su taɓa ganin amfanin abin ba. Madam Bonju suke kirana, suna tambayar yaushe zan koma koyar da abin da ake cin tuwo da shi. Sai ga shi rana ta zo an kawo mini mota har ƙofar gida.

Bari in fara da dalilin tafiyar don kada in bar ku a duhu. Gwaggona, yayar mahaifina, a Sandamu ta yi aure, a can kuma take zaune tun bayan rasuwar mijinta. Ɗanta na fari ya tafi Abijan fatauci yana saurayi, ya zauna, ya auri wata Bajula 'yar can, suka haifi 'ya mace guda. Bara Allah ya karɓi abinsa, a can aka binne shi. Matar da 'yar ba wanda ya taɓa ganinsu a cikinmu sai a hoto, kuma daga Julanci sai Faransanci suke ji. Baffa ƙanin mijin Gwaggo ne, dillalin shanu a Mai'adua, kuma shi ya riƙe marigayin tun daga yaye har ya zama mutum. Shi ya tara dangi ya ce jinin gidansu ba zai tashi a bakin teku ba, ba harshe ba dangi. A kawo yarinya gida ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe ubanta.

An sha aike ta waya kafin matar ta yarda ta kawo 'yar a gan ta, da sharaɗi guda: ƙafarta ba za ta taka Nijeriya ba. Wani ya ba ta labarin tun da aka ƙaddamar da shari'a a wajenmu alƙalai ke da gari, ta ɗauka tana shigowa za a raba ta da 'yarta. Alhali duk wanda ya ɗan zauna gaban malami ya san littafi uwa yake bai wa reno. Al'ada ce ke bayan Baffa, kuma a gidajenmu al'ada ba ta jiran alƙali. Don haka aka tsayar da Matamaye, gidan wata Hajiya 'yar kasuwa da ta san su tun a Abijan. Ita matar a zatonta gaisuwa ce kawai. Baffa kuwa har ya sa an ɗinka wa yarinya hijabin Islamiyya, ya kuma hana kowa biyo mu don a bar mata wurin zama a dawowa. Ni ce zan faɗa wa uwa wannan magana da yaren da za ta ji. Tun da aka gaya mini zuciyata ba ta kwanta ba.

Sai da muka fara yin kudu zuwa Sandamu ɗaukar Gwaggo. Kaka ce, an yi girbi, dammunan gero jere a gonaki, amalanke na ta fitowa tun da duku-duku. Muka same ta a ƙofar gida ta yi shiri tsaf, lulluɓi har gira, hannunta ɗaya da ƙunshin kuka da daddawa, ɗayan riƙe da igiyar wata jar akuya.

Baffa ya leƙo ta taga. "Yaya, wannan fa?"

"Da ita za a."

"Hajiyar can ba ta rasa nama ba."

"Ban ce ka yi mata ciniki ba, Alhaji. Kai dillali ba ka ganin dabba ka yi shiru."

Bayan motar buhun gero ya cika shi, saboda haka tsakanin ƙafafuna aka cusa akuya. Direba ya yi ta ƙunƙuni a kan kujerunsa, kamar akwai abin da ya rage a jikinsu da akuya za ta ɓata. Ni dai atamfata ta fita ce na saka, kuma tun kafin mu koma Daura ta daina zama ta fita.

Muna hawa kwalta Gwaggo ta taɓa gwiwata ta ce mu yi tishi. A nan sai na ɗan koma baya. Ranar da aka yi taron dangi ba ta ce uffan ba, amma washegari ta aiko a kira ni, ta ce in koya mata yaren matar nan. Bonju da marsi, wato gaisuwa da godiya, da ma ta tsince su tuntuni a bakin 'yan Nijar masu kawo kanwa. Na ce mata yare faɗi gare shi, da wanne za mu fara, abin da ya wuce, ko na yanzu, ko na gaba? Ta ce, "Abin da ya wuce na san shi da Hausa, ya ishe ni. Koya mini na gaba. Amma gaban kusa, ni ba yarinya ba ce." Na yi dariya, don kuwa akwai shi. Faransawa gaba biyu gare su, na nesa da na kusa, kuma na kusan shi ne mai sauƙi. Kalmar tafiya suke ɗauka, aller, su sa ta gaban aikin, shi ke nan. Je vais manger, zan ci. Tu vas manger, za ki ci. Daidai da namu: za ni kasuwa, zan ci, za ta zo. Duk shekara sai na gaya wa ɗalibaina haka suna hamma. Gwaggo a zama ɗaya ta kama, matar da ta haddace izifi da dama da ka ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Bakinta ne kawai ya ƙi sauka daga Hausa. Je vais ya zama ja be, tu vas ya zama tu ba, elle va ya zama al ba, nous allons ya zama nu zalon. Da na zo kan yadda ake cewa za ku da za su, ta ce in bar su, ba ta da magana da taro.

Tun daga nan duk ƙarshen mako sai na je, ita kuma tana karɓar kalmomi ɗai-ɗai kamar mai tsintar wake: ci, sha, zauna, zo, gani, dawo, jira. Ban taɓa tambayarta me za ta gina da su ba. Na ɗauka tana son ta iya ce wa jikarta za ki ci, za ki sha, idan an kawo ta gida.

To, a motar ta fara, tana lanƙwasa yatsu. "Ja be manje, in sha Allahu. Tu ba manje, in sha Allahu. Al ba manje, in sha Allahu." Na sha gaya mata babu wannan a littafi, amsarta kullum ɗaya ce: littafin ne ya yi mantuwa. Baffa da tun ɗazu yake tsaki a gaba, yana cewa tsofai-tsofai da ita ta shiga lakwal, makarantar bokon Faransawa, ya juyo ya tambayi me ja be ɗin nan ke nufi. Na ce zan yi ke nan. Ya ce to a wannan kam Yaya ta fi ni gaskiya, mutum bai ce zan yi ya rufe baki, ko da minti ɗaya ya rage. Daga nan duk jimlar da ta ɗan yi jinkirin rufewa, sai ka ji shi daga gaba ya rufe mata.

Muka sake ratsa Daura rana ta ɗan fito. A bakin tasha muka tsaya shan koko da ƙosai, 'yan hisba biyu na gefe suna nuna wa mata motar da ba cunkoso. Ƙosan ya ƙanƙance fiye da na bara, kuɗinsa kuma ya yi ƙiba. Mai suyar ta ce in tambayi wake, ba ita ba. Akuya ta ci takardar da aka ƙunso shi a ciki, ta kalle ni tana neman ƙari.

Hanyar Mai'adua ba laifi, sai dai babura. Jajiberin kasuwa ne, kowane ɗan acaba da abin da ya ɗauro: wani raguna biyu a kwando, wani jarkoki har sun fi shi tsawo. Masu sayar da mai a galan suna jere a bakin titi, kuma kana matsawa iyaka farashin na matsawa sama. Kafin mu shiga gari muka tarar da garken jajayen shanu masu dogon ƙaho sun cike hanya, makiyayan suna tafe a hankali kamar su suka zuba kwaltar. A gindin wata bishiya muka yi canji. Baffa ya miƙa naira cike da hannu, aka ba shi 'yan takardun sefa da ba su hana aljihu kwanciya ba. Ya juya su ya ce a zamaninsu 'yan Nijar ke wannan kallon.

Mai'adua garinsa ne, kowa sai ya ɗaga masa hannu, shi kuma duk wanda ya tsaya sai ya ce masa jikarsa zai ɗauko. Da muka zo daidai gidansa ya sa direba ya rage gudu, ya nuna mana tagar ɗakin da aka share mata, ɗakin da ubanta ya tashi a ciki. Gwaggo ba ta duba ba. Ta juya fuskarta ɗaya ɓangaren tana kallon katangar mutane, tishin ma ta dakata da shi. Gaba kaɗan a tashar manyan motoci Baffa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "A nan na ɗora shi a motar albasa da hannuna. Ni na ce ya tafi ya nema. Tun da ban dawo da shi ba, ai na dawo da nasa." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, duk da ba na tare da shi. Mutumin nan ba mugunta ta taso shi ba, kewa ce.

Mun bar gari ke nan Gwaggo ta matso kusa da kunnena. "Yaya ake cewa ba zan yi ba?"

Na ce ana ɗaure kalmar tafiyar ne gaba da baya, da ne da pas. Je ne vais pas.

"Ɗauka fa?"

"Prendre."

Ta koma ta jingina, leɓenta na motsi. Kalmar 'ya da ma ta karɓe ta tun makon jiya, ta akuya kuma tun kafin nan, a lokacin na ɗauka wasa ne. Ina jin ta tana harhaɗa su ƙasa-ƙasa, na fara gane inda ta nufa. Baffa ya tambayi me take cewa. Na ce masa tishi take yi. Ban yi ƙarya ba, amma ban kalli madubin direba ba.

A Kwangwalam aka duba takardunmu muka wuce, sai Ɗan Barto, ɓangaren Nijar. Wani dogon jandarma ya leƙo, ya ga akuya, ya yi tambaya da Hausarsu. Da ya ji ina amsa masa da Faransanci sai ya sauya, ya ce ta sayarwa ce ko kyauta za a kai. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ɗaga yatsa. "Al ba rabani, in sha Allahu." Elle va revenir take nufi, wato za ta dawo. Jandarma ya yi dariya har ya dafa mota, ya sara mata, ya ce Hajiya ta ci jarrabawa. Baffa ya ji daɗi an girmama tawagarsa, bai san abin da aka ce ba. Ni kuwa na ƙara rikicewa. Wa ke ɗaukar akuya ya ƙetara da ita ƙasa don kawai ya dawo da ita?

Da ka shiga Nijar ba abin da ya sauya, kuma komai ya sauya. Fuskokin namu ne, gaisuwar tamu ce, amma allunan hanya sun koma yaren da nake ci da shi. Kwalta siririya, motoci kaɗan, amalanken jakai da yawa. Gonakinsu cike da gawo, ba su sare shi kamar mu. A fadamu ga rake, masu sayarwa sun jingina shi a bakin hanya. Muka sayi dogon burodinsu mai kama da taɓarya, wanda ɓawonsa ke yanka dasashi. Gwaggo ta gwada da haƙoran da suka rage mata ta ce wannan sai an jiƙa shi kwana guda, ta miƙa wa akuya.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa Matamaye. Hajiyar gidan, wata kakkaurar mace mai fara'a, ta tarbe mu da ruwan sanyi da dambun zogale da ya sha ƙuli, sannan shayi a 'yan ƙananan kofuna, mai ɗacin da ke buɗe ido. Aka ɗaure akuya a turmi, aka shimfiɗa mana tabarma a rumfar tsakar gida. Sai ga su sun fito. Matar doguwa ce siririya, tela ce aka ce, idanunta sun faɗa saboda doguwar tafiya. Yarinyar ba za ta wuce shekara tara ba. Ba sai an gaya maka 'yar waye ba: wushiryar ubanta ce, kunnuwansa ne. Uwar ta riƙe mata tsintsiyar hannu, kuma tun da suka zauna ba ta saki ba, ko da za ta karɓi shayi da hagu ta karɓa, tana ba da haƙuri. Gwaggo ta dubi yarinyar sau ɗaya tak, ta mayar da ido kan bango.

Aka yi ta'aziyya, na fassara. Aka yi addu'a, wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Da aka kira azahar uwar ta saki hannun 'yar daidai tsawon alwala, tana tsaye a kanta. Na ga Baffa yana satar kallo ta wutsiyar ido, yana bin yarinyar gaɓa-gaɓa har ta wanke ƙafa. Ya gyaɗa kai shi kaɗai.

Bayan salla ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce in buɗe kunne in faɗa yadda ya faɗa. Ya fara daga nesa yadda manya ke yi. Ya yabi marigayi, ya yabi matar da ta yi jinyarsa, ya yi maganar zumunci, ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ina juyawa jimla-jimla, ina ganin yatsun matar suna ƙara nutsewa a hannun 'yar. Ba ta jin Hausa, amma ta san inda aka nufa. Saura jimla guda Baffa ya sauka kan maganar, sai Gwaggo ta dafa kafaɗata ta miƙe tsaye.

Ba ta kalle ni ba, ba ta kalle shi ba. Surukarta ta fuskanta.

"Ja na be pa parandar ta fiy, in sha Allahu."

Matar ta yi tsuru, ba ta gane ba. Na buɗe baki zan gyara, Gwaggo ta matse mini kafaɗa. Ta sake faɗa a hankali, tana nuna ƙirjinta, tana girgiza yatsa, tana nuna yarinyar. 'Yar ce ta fara kamawa. Ta juya ta ce wa uwar da Faransanci mai kyau: Mama, cewa ta yi ba za ta ɗauke ni ba.

"Al ba raste abek tuwa, in sha Allahu," in ji Gwaggo. Za ta zauna tare da ke.

Matar ta saki hannun. Sai da na ga shatin yatsunta a fatar yarinyar. Ta rufe baki da tafi, kafaɗunta na rawa, ba sauti. Gwaggo ta je da kanta ta kwance akuya, ta jawo ta har kan tabarma, ta sa igiyar a hannun jikarta. Ta nuna akuyar ta nuna yarinyar, alamar taki ce. Sannan ta ƙarasa abin da ta haddace: akuya za ta zauna tare da ni. Za ki zo ki gani. Zan jira. Kowacce da in sha Allahunta. A nan Faransancinta ya ƙare, ta juyo gare ni ta ce, "Sauran ke. Gaya musu wannan daga tsatson akuyar wancan yaron take, wadda aka ba shi ranar suna. Ban taɓa barin irin ya yanke ba."

Na faɗa. Matar ta tambaye ni wane yaro, sai na bayyana mata cewa a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi, ba ta yi masa kuka a gaban mutane. Ta ce yanzu ta gane. Shi ma har ya rasu bai taɓa kiran 'yarsa da sunanta ba, Inna yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ne ya sa mata. Da na juya wannan zuwa Hausa, Gwaggo ta ja lulluɓinta ta rufe fuska gaba ɗaya.

Duk wannan Baffa na zaune yana bin mu da ido. "Ke, me aka ce?"

Shi ya ɗauko ni, ba ni da ikon ɓoye masa. Na zayyana masa duka, ina jiran faɗa.

"Yaya," ya ce, "kin yanke hukunci da yaren da ba zan iya ɗaukaka ƙara a cikinsa ba."

"Da Hausa na faɗa, da ka tare ni kafin in kai aya. Yanzu kuwa ta ji daga bakina, ba mai warwarewa."

"Ni na riƙe ubanta. Na cuce shi?"

Ta sauke lulluɓin. "Ba ka cuce shi ba, Alhaji. Riƙon amana ka yi masa, Allah ya saka maka. Amma ranar da kuka ɗauke shi nonona bai bushe ba, kuma ba a magana, ɗan fari ne. Akuyarsa kawai na ce a bar mini. Kana tuna duk sanda ta haihu ina aiko maka a kawo shi ya ga 'ya'yan?"

"Ina tunawa. Ni nake kawo shi a keke, daga Mai'adua har Sandamu. Har ina cewa ban ga mai son awaki irin matar wana ba."

"To ba awakin nake so ba."

Ban fassara wannan ba, ba wanda ya nemi in fassara. Baffa ya cire hula ya shafa kansa, ya mayar, ya tashi ya fita. Na ji kukan ƙofar mota, na ce shi ke nan, ya yi fushi zai bar mu a Nijar. Sai ga shi ya dawo da leda a hannu. Hijabin nan ne. Ya miƙa wa Hajiyar gidan ya ce a ba yarinya ta tafi da shi, ya ɗan yi mata yawa, za ta girma a ciki. Ya ce in tambayi uwar yaushe ake ba su dogon hutu a makarantarsu. Ta faɗa. Ya ce in gaya mata duk sanda suka tashi zuwa, su biyun yake nufi, kuma ba wanda zai tare musu hanyar komawa yana raye.

Sauran yinin ya tafi a cin shinkafa da miyar yakuwa da kallon yarinya tana ɗura wa akuya burodi. Gwaggo ta kwance ƙunshinta tana nuna wa surukarta yadda ake kaɗa kuka, da hannu da ido da ja be. Da la'asar ta yi muka yi sallama. Yarinyar ce ta ja igiyar har bakin mota. Ta tsaya a taga ta dubi kakarta ta ce, "Je vais venir." Zan zo. Ta yi shiru.

Daga kujerar gaba Baffa ya ce, "In sha Allahu. Ke Madam Bonju, gaya mata a gidanmu ba a barin ja be a buɗe."

A dawowa akuya ta samu ƙarin girma, don wurin da aka bar wa yarinya ita ta haye. Direba ya buɗe baki, Baffa ya ce ya bar ta, dukiyar marainiya ce. A Ɗan Barto jandarman nan ya gan ta ya ce lallai Hajiya mai cika alkawari ce. Mai'adua muka ratsa ba tsayawa, masu ɗaga hannu suna leƙen bayan mota, Baffa yana amsa musu da ka kawai. Ba wanda ya yi tishi.

Ana kiran magariba muka sauke Gwaggo a Sandamu. Baffa ya fito da kansa ya sauke akuyar, kuma hannun dillali bai iya zama, sai da ya lallatsa mata ciki. Ya ce ai da ciki take, ba za ta daɗe ba. Ya ce wannan karon idan ta haihu shi zai aika da labari Abijan, kada wani ya riga shi. Gwaggo ta karɓi igiya, ta yi taku biyu, ta dawo bakin taga.

"Yaya ake cewa ta haihu?"

Na ce, "Gwaggo, wannan abin da ya wuce ne, wanda kika ce ba ki so."

"Wannan ɗayan koya mini shi. Ki zo Asabar."

Na iso gida Daura da atamfa mai warin akuya da burodi guda da ya gagari kowa. Ko za su zo ko ba za su zo ba, Allah ne masani, Abijan ba nan kusa ba ce, Gwaggo kuma ba yarinya ba ce, ita ta faɗa da bakinta. Abin da na taho da shi dai shi ne, shirun da tsofaffinmu mata ke yi a taron dangi ba rashin magana ba ne, kuma mai son raba uwa da ɗa sau da yawa ba maƙiyi ba ne, masoyi ne da bai taɓa tambaya ba. Na kuma daina jin haushin masu cewa darasina ba a cin tuwo da shi. Shekara nawa ina rubuta je vais, tu vas, elle va a allo, ina ɗaukarsa tsani ne kawai na hawa jarrabawa. Sai da na ga tsohuwa ta ɗauki kalmomi ƙasa da cikin tafi ta hana a yi wa wata abin da aka yi mata. Asabar mai zuwa ina Sandamu, in sha Allahu. Akuya ba za ta jira mu ba.